Yanar Ido, Azumi da Harshen Likita

Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu. A sha'anin lafiyar ido, wannan karin magana ya wuce azanci, domin rashin sanin kan kai mutum ga duhun da babu wayewar gari a bayansa. A matsayina na mai nazarin harshe, abin da ke damuna shi ne yadda binciken likitoci ke tsayawa a mujallu, bai isa kunnen mai ciwon da harshen da yake ji ba.

Mu fara da kalmar “yana”. A Hausa, yana ita ce abin da ke kwanciya a saman madara ko kunu idan ya huce, wanda ake yayewa. Saboda haka mai jin “yanar ido” yakan ɗauka wani abu ne ya rufe idon daga waje. Alhali madubin da ke cikin ido ne ke dushewa, galibi saboda tsufa ko ciwon sukari. Magani shi ne tiyata: a cire madubin, a sa na roba a gurbinsa.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007, wanda ya duba mutane fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, kuma yana ce ta haddasa kashi 43 cikin 100 na wannan makanta. Abin takaici, kusan rabin idanun da aka yi wa aikin yana, masu aikin gargajiya ne suka yi, waɗanda ke tura madubin can cikin ido da wani abu mai tsini. Mafi yawan waɗannan idanu ba su rabu da makanta ba. Duk wannan kuwa a ƙasar da ke da Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano.

Sai batun azumi. Wanda aka yi wa tiyatar yana yakan yi makonni yana ɗiga magani sau da yawa a rana, don hana kumburi da shigar ƙwayoyin cuta. Mai hawan jinin ido kuwa, cutar da wancan bincike ya sa a matsayi na biyu wajen makantar da mutane, kullum ne yake ɗigawa, kuma ganin da ta cinye ba ya dawowa. Wani bincike da mujallar Ophthalmology ta buga a 2007 ya nuna fiye da kashi 60 cikin 100 na Musulmin da aka tambaya sun ɗauka ɗiga magani a ido yana karya azumi.

Wannan fargaba tana da tushe. Akwai wata 'yar kafa a kusurwar ido ta wajen hanci, wadda ke kwashe hawaye zuwa hanci da maƙogwaro. Shi ya sa ake jin ɗacin magani a baki. A mazhabar Malikiyya, abin da ya isa maƙogwaro ta ido yana ɓata azumi. Ita kuwa Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1997, ta yanke cewa maganin ido ba ya karya azumi muddin aka guji haɗiye abin da ya gangaro. Likitoci ma suna da dabara: a rufe ido, a danne wannan kusurwa da yatsa na minti ɗaya ko biyu bayan ɗigawa. Maganin da ake sawa sau biyu a rana kuma, likita na iya mayar da shi lokacin sahur da bayan buɗa-baki.

Shin tsofaffinmu nawa ne suka taɓa jin wannan bayani da Hausa? Kirana ga likitocin ido, malaman addini da sassan harsunan Nijeriya na jami'o'inmu shi ne su zauna kafin Ramadan, su fitar da bayani ɗaya, da boko da ajami, a kuma karanta shi a rediyo. Kai kuma mai karatu, idan akwai dattijo a gidanku mai ɗiga magani, ka raka shi wurin likitansa tun watan Sha'aban. Allah ya tsare mana ganinmu, amin.