Gsl5: Yadda Ƙodar Ɓera Take Buɗe Ƙwayar Gadon da Ta Keɓanta da Ita

Kusan dukkan ƙwayoyin halittar da ke jikin dabba ɗaya suna ɗauke da kundin gado iri ɗaya, amma ƙwayar hanta ba ta yin aikin ƙwayar ƙoda. Bambancin ya ta'allaƙa ne ga waɗanne ƙwayoyin gado ake karantawa a kowane sashe na jiki, da waɗanda ake rufewa. Binciken da Michiko Sekine da Akemi Suzuki da abokan aikinsu suka gudanar a Japan a kan ƙodar ɓera ya fito da wannan lamari fili.

Asalin maganar wani gilaikolifid ne, wato kitse mai ɗauke da sarƙar sukari wanda yake zama a fatar ƙwayar halitta. An lura cewa ana samun wani nau'insa mai suna GL-Y a ƙodar jinsin ɓerayen gwaji irin su BALB/c, amma babu shi a ƙodar jinsin DBA/2. Da aka haɗa jinsunan biyu aka bi diddigin 'ya'yansu, sai aka gane cewa wuri guda ne a kan kuromosom na 19 yake iko da wannan sifa, aka kuma raɗa masa suna Gsl5.

Inzayim ɗin da ke bayan ƙirar GL-Y shi ne core 2 GnT, wanda yake ɗora sukarin GlcNAc a kan sarƙar ta yadda za ta yi reshe. Abin da kowa zai fara zato shi ne cewa ƙwayar gadon inzayim ɗin ce ta lalace a DBA/2. Amma ba haka abin yake ba. Ƙwayar gadon tana da yankuna shida, ana kuma fitar da saƙon RNA iri uku daga gare ta. Wanda ya yi ƙaranci a DBA/2 shi ne na ƙoda kaɗai, wanda ake fara karantawa daga yankin farko. Ke nan tsarin inzayim ɗin lafiya lau yake, mabuɗinsa na ƙoda ne ya samu naƙasu.

Don tabbatar da haka, masu binciken sun shigar da wani dogon guntun DNA mai haruffa kusan 159,000, ɗauke da ƙwayar gadon da abin da ke gabanta, cikin ɓerayen DBA/2, sai sifar da ta ɓace ta dawo. Daga nan suka maye gurbin ƙwayar gadon da ta wani furotin mai ƙyallin kore, domin duk inda mabuɗin ya yi aiki a ga haske. Kwatanta jerin haruffan ya kai su ga wani wuri mai tazarar haruffa kusan 5,500 kafin yankin farko. A lafiyayyen ɓera, wasu guntaye biyu masu yawan haruffan G da T sun maimaitu sau takwas a nan. A DBA/2 kuwa sau ɗaya tak suka zo. Sakamakon da aka wallafa a 2006 ya nuna cewa hasken ya bayyana ne a miƙaƙƙen sashen bututun farko na matatar ƙoda kawai.

Wannan keɓancewa ita ce mafi muhimmanci a sakamakon, domin sashen yana cikin wuraren da suka fi saurin jin rauni idan jini ya yanke wa ƙoda. Mai binciken da ya sami mabuɗin da ke aiki a nan kaɗai zai iya kunna wata ƙwayar gado a sashen ba tare da ya taɓa sauran jiki ba. Akwai kuma abin lura: ana yawan amfani da DBA/2 wajen nazarin ciwon ƙoda da ciwon sukari ke haifarwa, alhali sarƙoƙin sukarin da ke fatar ƙwayoyin bututunsa sun saɓa da na wasu jinsuna tun daga haihuwa, don haka sai an yi taka-tsantsan kafin a ɗora sakamakonsa a kan ɓeraye baki ɗaya, balle ɗan Adam.