Jarka Nawa Ce a Dam ɗin Goronyo?

Dam ɗin Goronyo, wanda aka datse Gulbin Rima da shi aka kuma kammala a 1984, yana ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900 idan ya cika. Manomin albasa a Shinaka ba zai ƙaru da wannan adadi ba sai an mayar masa da shi ma'aunin da yake hulɗa da shi kullum.

Kubik mita ɗaya ruwa ne da zai cika ramin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗai-ɗai ne. Lita 1,000 ke nan: duro biyar masu lita 200, ko jarka 40 masu lita 25. A wannan lissafi, kubik mita miliyan 900 jarka biliyan 36 ce. Galan kuwa a ajiye shi gefe, domin na Ingila ya ɗan haura lita huɗu da rabi, na Amurka bai cika lita huɗu ba.

Awon kwalbati mai kusurwa huɗu ba wuya, a ninka tsawo da faɗi da zurfi. Rijiya da tanki mai da'ira ne ke rikita mutane. A ɗauki rabin faɗin baki a ninka shi da kansa, a ninka da 3.14, sannan da zurfin ruwan. Rijiya mai faɗin mita ɗaya da ruwanta ya kai mita biyu tana da lita 1,570, kusan jarka 63. Idan aka faɗaɗa bakinta zuwa mita biyu, ruwan ninki huɗu zai yi, ba biyu ba.

A gona ne lissafin ke ba da mamaki. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, don haka ban-ruwa guda mai zurfin santimita biyar yana cin kubik mita 500, wato jarka 20,000. Mutumin da ke amfani da lita 50 a rana, sha da girki da wanka da wanki, kubik mita 18 da ɗoriya yake ƙararwa a shekara. Ke nan ruwan da aka kwarara wa hekta guda ta albasa ko tafarnuwa da hantsi ɗaya zai riƙe mutum 27 shekara cur. A ganina duk mai maganar tattalin ruwan Goronyo da ya tsaya kan famfunan birnin Sakkwato, bai leƙa fadamun Goronyo da Wurno ba, bai taɓo inda ruwan ke tafiya ba. Ga kuma rana: duk milimita ɗaya da zafi ya tsotse a saman tafkin, kubik mita 1,000 ne a kowace murabba'in kilomita.

A farkon 2018 Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta bayyana cewa ruwan dam ɗin ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Abin da ya rage, kubik mita miliyan 90 da wani abu, yana da yawa a kunne. Amma tafki kamar ƙwarya yake, sama faɗi, ƙasa tsukuku. Mita ɗaya ta sama ta fi mita ɗaya ta ƙasa ruwa nesa ba kusa ba, saboda haka idan zurfi ya sauka da rabi, abin da ya tafi ya zarce rabi sosai. Kuma wani ɓangare na gindin laka da yashi ne da Rima ke jibgewa kowace damina, waɗanda lissafin ranar gini bai haɗa da su ba.