Ƙwaron Ƙura da Cutar Hanci da Ƙirji

Da yawa daga cikinmu mun san mutumin da kullum ya tashi barci sai atishawa, da zubar majina, da ƙaiƙayin hanci, har a ce ai mura ce ta ƙi jin magani. Sau da yawa ba mura ba ce. Jikinsa ne bai jitu da wani abu da ke cikin ƙurar ɗakinsa ba.

An daɗe ana zargin ƙurar kanta, sai a shekarar 1964 Voorhorst da Spieksma, masu bincike a birnin Leiden na ƙasar Holan, suka nuna cewa tushen cutar wani ɗan ƙwaro ne mai ƙafa takwas, dangin kaska da gizo-gizo. Tsawonsa bai wuce sulusin milimita ba, ido ba ya ganinsa sai da madubin likita. Mazauninsa katifa da matashin kai da darduma, abincinsa kuwa ɓarɓashin fatar da ke zuba daga jikinmu. Ba ya cizo. A shekarar 1981 aka tabbatar cewa yawancin abin da ke tayar da cutar yana cikin kashinsa ne.

Idan mai wannan lalura ya shaƙi kashin, sai garkuwar jikinsa ta ɗauke shi abokin gaba, ta saki wani sinadari mai suna histamin. Nan take fatar cikin hanci ta kumbura, majina ta kwararo. To, hanci da maƙogwaro da huhu hanya ɗaya ce. Sa'ad da kumburin ya taɓa hanyoyin iska na ƙirji sai su tsuke, numfashi ya yi wuya, watau ciwon fuka ke nan. Saboda haka likitoci ba sa raina toshewar hanci mai daɗewa, musamman ga yara.

Wannan ƙwaro ba ya shan ruwa, daga iska yake tsotsar laima. Don haka damina ta fi hunturu yi masa daɗi, ko da yake ƙurar hunturu muka fi tsoro. Maganinsa na farko yana hannunmu: a riƙa buɗe tagogi, a shanya katifa a rana, a wanke zannuwan gado da ruwa mai zafin digiri 60. Wanda kuwa abin ya ci masa tura, lalle ya je asibiti a yi masa gwajin fata, domin a san ainihin abin da ake yaƙi da shi.