3.2 Dalilan da Kan Hana Ma'aikatan Asibiti Wanke Hannu

A wannan sashe za a duba abin da kan sa ma'aikacin asibiti ya bar wanke hannu alhali ya san amfaninsa, musamman a ƙananan asibitocin karkara irin na ƙasar Ɗambatta da Makoɗa da Bici.

Sanin cewa hannu yana yaɗa cuta ya daɗe. Tun a shekarar 1847 likita Ignaz Semmelweis ya sa likitocin wani asibiti a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya su riƙa wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa masu haihuwa. Cikin 'yan watanni mutuwar masu jego ta sauko daga kimanin 18 cikin ɗari zuwa kimanin 2. Duk da haka likitoci da yawa suka ƙi yarda, domin maganar tana nufin hannunsu ne ke kisa.

A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara lokuta biyar na tsabtace hannu, ciki har da kafin taɓa majinyaci da bayan taɓa shi. Ta ce wanki da sabulu yana cin daƙiƙa 40 zuwa 60. Idan aka yi la'akari da wannan, malamin asibiti guda da ya duba mutum 60 a rana, kamar yadda kan faru da damina lokacin zazzaɓin cizon sauro, zai iya ɓatar da awa biyu wajen wanki kaɗai. Wannan kuwa in ruwan yana kusa ke nan. Inda sai an jira ɗan garuwa, ko kuma bokitin yana can bakin ƙofa, ga jama'a sun baro gona suna jiran layi, to sai ya sa safar hannu ɗaya ya yi ta aiki da ita. Safar da ba a sakewa kuwa tana kwasar cuta kamar hannu.

Haka kuma akwai kunya. Da wuya sabuwar ungozoma ta ce wa likita ko babbar nas, "Ba a wanke hannu ba," domin tarbiyyar Bahaushe ba ta saba da gyara wa na gaba a bainar jama'a ba. Man goge hannu yana rage wahalar ruwa, tunda daƙiƙa 20 zuwa 30 sun isa, kuma yana shiga aljihu. Sai dai wasu kan ƙyamace shi saboda sinadarin barasa da ke ciki, ko da yake malamai da dama sun halatta shi domin magani.