Tsoron Kwafsawa Ke Ɗaure Bakin Mai Koyon Harshe

A Sabon Garin Kano, ɗan kasuwar da ya zo daga Anaca ko Aba yakan fara ciniki da Hausa tun bai daɗe da sauka ba. Ya ce wa mace "kai", ya ce wa namiji "ke", a yi dariya, shi ma ya tuntsire, kaya dai suna sayuwa. Sannu a hankali harshensa ya miƙe.

Ga kuma ɗalibin nahawun Larabci da ya haddace Ajurumiyya, har ya shiga Alfiyyar Ibn Malik mai baiti kusan 1,000. Ya sauka Jidda, Balarabe ya tambaye shi ina ya nufa, sai bakinsa ya mutu. Ilimin yana nan a ƙirjinsa. Fargabarsa kada ya sa fataha inda ake kisira.

Wannan tsoro ba da shi ake haihuwar mutum ba. A aji yake samo shi. Makarantun boko da yawa a Najeriya sun daɗe suna cin tarar yaron da ya yi yarensu maimakon Turanci, idan kuma ya gwada Turancin ya kwafsa, 'yan aji su ɗauke shi da shewa. Yaron da aka yi wa haka sau biyu ya gane cewa shiru ya fi masa sauƙi.

Masana sun daɗe da lura. A 1967, Pit Corder na Jami'ar Edinbara ya nuna cewa kuskuren mai koyo shaida ce ta yadda yake gwada ƙa'idojin harshe a kansa, yana gyarawa. A 1986 kuma, Elaine Horwitz da abokan aikinta a Amurka suka fitar da ma'aunin fargabar koyon harshe mai tambayoyi 33, suka danganta ta da abu uku: tsoron magana da mutane, tsoron jarrabawa, da tsoron abin da za a ce. Na ukun nan, a ƙasar da ake girmama kunya, shi ya fi cin mutane.

Maganin bai da tsada. Mai koyo ya nemi wanda ba zai yi masa ba'a ba, su riƙa hira kullum, ko ta saƙon murya a WhatsApp. Malamai kuwa, a bar yaro ya kai ƙarshen zancensa kafin a gyara masa, mai yi masa dariya kuma a tsawata masa nan take.