Zaren da ake bari cikin ciki: ina yake zuwa?



Akwai wata tambaya da take yawan dawo mana a ƙauyukan da muke zagayawa. Mace ce aka yi wa aiki aka ciro jariri, ko magidanci aka gyara wa gwaiwa. Bayan kwana 10 sun koma asibiti, an cire zaren da ke bisa fata. To, wanda aka ɗinka can ciki fa? Wa zai cire shi? Mun ji masu cewa zaren yana nan yana yawo cikin jiki, shi ne ke kawo ciwon mara. Wasu ma tsoron nan ya hana su yarda a yi musu aiki, har ciwo ya ci ƙarfinsu. Shi ya sa muka ga ya kamata mu tsaya kan zancen.

Zaren likita iri biyu ne. Akwai wanda ba ya narkewa, kamar na nailan. Shi ake yawan sa wa fata, a cire shi in baki ya haɗe: a fuska wajen kwana 5, a ciki kwana 7 zuwa 10, a ƙafa ko hannu yakan kai mako 2. Akwai kuma mai narkewa, shi ne ake yawan bari ciki. Ba ya yawo ko'ina. Inda aka ɗaure shi nan yake zama, ruwan jiki yana cinsa kaɗan-kaɗan har ya ɓace. Wani da ake yawan aiki da shi, mai suna Vicryl, bayan mako 3 rabin ƙarfinsa ne ya rage, kuma tsakanin kwana 56 da 70 jiki ya gama shanye shi. Kafin nan nama ya riga ya kama nama.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani likita Musulmi na birnin Kurɗuba a ƙasar Andalus, Abul Ƙasim Azzahrawi, wanda ya rasu wajen shekara ta 1013, ya yi ɗinkin ciki da tsarkiyar da aka murza daga hanjin dabba. A littafinsa ya zana kayan fiɗa wajen 200. An daɗe ana amfani da zaren hanjin tumaki da na shanu, amma sau da yawa miki yakan ruɓe, ba a san dalili ba. Sai a shekarun 1860 wani likitan Ingila, Joseph Lister, ya nuna cewa ƙwayoyin cuta ne ke bin zare da hannu su shiga miki, ya fara jiƙa kayansa cikin magani. Zare mai narkewa da ba na hanjin dabba ba ya fito ne wajen 1970, kuma yanzu ya kusa ture na hanji.

Allurar ɗinkin ciki ba miƙaƙƙiya ba ce irin ta tela. Lanƙwasasshiya ce kamar jinjirin wata, domin ta nutsa cikin nama ta ɓullo a wancan gefe, ko da wurin ƙunci ne. Ba ta da kafa. Tun daga masana'anta aka manne zaren a gindinta, saboda kada ramin da za ta huda ya fi zaren faɗi. Mai zagayayyen baki ta hanji ce da mahaifa, tana ratsa nama ba ta yanka shi. Mai kaifi ta fata ce. Likita ba ya riƙe ta da yatsa, da wani ɗan awartaki mai kulle yake kama ta. A ɗaya hannun yana da hantsaki na ɗaga bakin nama. Ga almakashi, ga ƴan matsai na danne jijiyar jini kafin a ɗaure ta, ga ƙarafan da ke buɗe ciki don a ga wurin aiki. Duka ana dafa su cikin tukunya mai tururi da zafinta ya kai maki 121, fiye da na tafasasshen ruwa. Kuma kafin a rufe ciki, sai an ƙidaya allurai da ƙyallayen tsane jini, a tabbata lissafi ya cika.

Wanda ya taɓa kallon baduku a Damagaram yana haɗa jaka ya san ba a ɗinke shafi da fatar waje da ɗinki guda. Haka cikin mutum yake, hawa-hawa ne. Idan an ciro jariri, mahaifa ake fara ɗinkewa, layi ɗaya ko biyu. Daga nan sai wata farar tantani mai ƙwari da ke lulluɓe da naman ciki. Ita ce ke riƙe da hanji, ita ce ginshiƙin aikin duka. Fata ce ta ƙarshe. Nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Fata tana haɗewa cikin kwana 10, mutum ya duba ya ga tabo ya bushe, ya ce ya warke. Alhali farar tantanin nan sai ta yi mako 6 kafin ta yi ƙarfin kirki, kuma tana ci gaba da ƙwari har watanni.

Mun san wani manomi da aka yi wa aikin gwaiwa gab da faɗuwar damina. Ruwan shuka ya sauka, ya ga maƙwabta sun fita, zuciya ta ƙi haƙuri. Mako 2 da aiki ya ɗauki kalme, ya kuma ciccibi buhun taki. Kafin kaka kumburin ya dawo, aka sake kwantar da shi. Ba mu ga laifinsa ƙwarai ba, don gona ba ta jira. Amma da ya nemi gayya, da bai yi asarar damina da kuɗin aiki na biyu ba. Ga shawararmu: gwaiwar da ba ta matsa ba, a nemi likita ya sa ranar aikinta da rani, bayan an kai amfanin gona rumbu. Wadda ta ƙulle kuwa, ta ƙi komawa, ga ciwo ga amai, ba ta jiran gobe, domin hanji ne ya shaƙe.

A aikin gwaiwa, sau da yawa ana shimfiɗa wata ƴar raga a ɗinke ta bisa ramin. Ita ba ta narkewa, nama ne ke tsirowa cikin idanunta. Wani bincike da aka yi a Yuganda, aka buga a 2016, ya nuna ragar da aka yanko daga irin yadin gidan sauro, aka dafa ta, ta yi aiki daidai da mai tsada. Amma fa ba irin sangen da ake rabawa mai magani ba.

Ɗinkin hanji ya fi kowanne wuya, domin ko ɗigo ɗaya bai kamata ya zuba cikin ciki ba. Zazzaɓin taifot da aka yi wa sakaci yakan huda hanjin yara. Likita yakan gyara bakin ramin, ya ɗinke, ya tura bakin ciki yadda bayan hanji zai sadu da bayan hanji. In wurin ya lalace da yawa, sai a yanke shi a haɗa bakuna biyu masu lafiya. Saboda haka kada dangi su faki ido su ba mai jinya fura kafin likita ya ba da izini.

In an sallame ku, ku ci abinci mai gina jiki: wake, ƙuli-ƙuli, ƙwai, nono, nama, zogale. Abinci ba ya tsinka zare, yunwa ce ke hana miki haɗewa. Taba da tari da yunƙurin bayan gida mai tauri suna jan ɗinki. Kada a shafa wa miki toka ko sassaƙe. Maigida ya ɗauke wa matarsa daka da jan guga har mako 6 aƙalla. Ta huta shekara 2 kafin wani ciki, kuma haihuwa ta gaba a asibiti za a yi ta, domin tabon mahaifa yana iya yagewa wajen naƙuda.

Idan kun ga zazzaɓi, ko miki ya yi ja yana fitar da mugunya, ko ciki ya kumbura iska ta ƙi fita, ko amai ya ƙi tsayawa, ku koma asibiti a ranar. Ku tafi da takardar da aka ba ku wajen sallama, a cikinta aka rubuta irin aikin da aka yi.