Yadda ake haɗa fostar bincike da za ta tsayar da mai wucewa

A manyan tarukan kimiyya ba kowa ake ba wa dama ya hau mumbari ya yi jawabi ba. Da yawa daga mahalarta, musamman ɗaliban digiri na biyu da na uku, allo ake ba su a wani ƙaton zaure, su liƙa fostar bincikensu, su tsaya kusa da ita awa ɗaya ko biyu. A taron shekara-shekara na AGU, ƙungiyar masana kimiyyar ƙasa ta Amurka, dubban fostoci ake jerawa. To ka ɗauka kai ne kake ratsa wannan zaure, ƙafa ta gaji. Wacce za ka tsaya wa? Wadda ka gane saƙonta tun kana tafiya mana.

Shi ya sa aikin farko kanun fostar ne. A ce ka auna ruwan rijiyoyin unguwarku. Kana iya rubuta "Nazarin ingancin ruwan rijiya", kuma babu ƙarya a ciki, sai dai bai gaya wa kowa komai ba. Amma in ka rubuta "Rijiyoyin da ke kusa da masai sun fi ɗauke da ƙwayoyin cuta", ko wanda bai tsaya ba ya tafi da sakamakonka. In ka kasa faɗin abin da ka gano a jimla ɗaya, kar ka buɗe kwamfuta tukuna, koma ka zauna da bayananka.

A 2019 wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Jihar Michigan, Mike Morrison, ya saki bidiyo a YouTube yana sukar fostocin da aka cika da rubutu. Shawararsa ita ce a sa babban sakamako da manyan haruffa a tsakiya, a tura sauran bayani gefe, a ƙara lambar QR da za ta kai mutum ga cikakken aikin. Wasu sun karɓa, wasu sun ce ɓarnar fili ce. Ni dai ina ganin ya yi gaskiya game da kanu, amma masanin da ya tsaya jadawali yake son gani, don haka ka ba jadawalinka mafi muhimmanci fili mai kyau.

Girman da aka fi nema shi ne A0, wato santimita 84.1 da 118.9. Ka duba sanarwar masu taron ko a tsaye suke so ko a kwance, sannan ka saita wannan girma a PowerPoint kafin ka rubuta ko harafi ɗaya. Rubutun ciki kada ya gaza lamba 24. Ga gwaji mai arha: tsawon A0 ya ninka na A4 sau huɗu, saboda haka ka buga fostar a A4. In sai ka kai takardar bakin hanci kake iya karantawa, haruffan sun yi ƙanana.

Kar ka bambanta layukan jadawali da ja da kore kaɗai, domin akwai mutane, galibi maza, da idonsu ba ya rarrabe su. Hoton da ya bi ta WhatsApp kuwa an matse shi, in aka faɗaɗa zai farfashe, ka nemo na asali. Ka mayar da aikin PDF kafin ka kai wurin bugawa, musamman in akwai ɓ, ɗ ko ƙ a ciki, don wata kwamfutar takan mayar da su 'yan akwatuna.

Ranar taro ka tsaya a gefe, kada ka tare fostar da jikinka. Ka tanadi bayanin minti ɗaya: wace tambaya ka yi, me ka auna, me ka samu. Kafin ka fara, ka tambayi baƙon fanninsa, domin yadda za ka yi wa likita bayanin rijiya daban ne da yadda za ka yi wa injiniya. Kuma don Allah kar ka juya masa baya kana karanto abin da ke jikin fostar, ai shi ma yana da ido. In aka yi maka tambayar da ba ka gwada ba, ka ce ba ka gwada ba, ka rubuta ta, ka karɓi imel ɗinsa.

Mutane kan ɗauki hoton fosta da waya, wasu ma su ɗora a intanet. Idan sakamakon bai fito a mujalla ba tukuna, ka zauna da malamin da ke duba aikinka tun kafin a buga, ku yanke abin da za a nuna da wanda za a riƙe.